Alƙali ne ya ɗora musu ko su suka zaɓa? Gardama kan ƙuri'un Amurka daga 1974 zuwa 2012

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Jiya da daddare a majalisarmu ta bakin titi aka ɓarke da gardamar siyasar Amurka, har magana ta gangaro kan auren jinsi. Abin da na faɗa musu, kuma har yanzu ina kai, shi ne talakan Amurka bai taɓa yarda da wannan abu ba. Duk ranar da aka kai maganar 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo akwatin zaɓe, kaye suke sha. Alƙalai biyar ne na Kotun Ƙoli suka ɗora wa mutane a 2015, huɗu suka ƙi. Ga masana a nan. Mai ja ya ja.

Barista: Wa alaikumus salam. Ina da ja, Yaya, amma ba a kan duka ba. Biyar da huɗu gaskiya ne, ranar 26 ga Yuni 2015, shari'ar Obergefell. Abin da zai kayar da kai a gaban alƙali shi ne wannan "bai taɓa ba" da ka saka. Ranar 7 ga Nuwamba 1978 an kai maganarsu akwati a wuri biyu, jihar Kalifoniya da birnin Seattle, kuma duka biyun su suka yi rinjaye. Shekara 37 ke nan kafin hukuncin da kake magana a kai.

Baban Khalifa: 1978? Lokacin ko Shagari bai hau ba. Kawo hujja, Barista, ba turancin kotu ba.

Ustaz: Jama'a, don Allah me ya kawo mu nan? Hukuncin wannan abu a addininmu ba ɓoyayye ba ne, dokar ƙasa ma ta hana tun da Jonathan ya sa hannu a 2014. Ban ga ribar tona tarihinsa ba.

Malam: Ustaz, ba fatawa aka nema ba, kuma ba wanda ya taɓa hukuncin. Baban Khalifa ya yi da'awa a kan abin da ya faru a wata ƙasa, ko dai ya faru ko bai faru ba. Na koyar da ku mulkin Hitler a aji, ban ga wanda ya fito ya zama ɗan Nazi ba. In za mu yi magana a kan Amurka, mu yi ta da abin da yake gaskiya, domin ranar da ɗayanku ya faɗi wannan a gaban wanda ya san tarihin, da shi za a yi dariya, da malaminsa.

Ustaz: Allah ya gafarta Malam, na ji. Ina gefe ina saurare.

Malam: Bari in share fage, saboda tsarin baƙo ne a wurinmu. A kusan rabin jihohin Amurka, da birane masu yawa, ba sai majalisa ta yi doka ba. Mutanen gari za su iya rubuta tasu, su bi kasuwa da ƙofar coci suna tara sa hannu, in adadin ya cika a buga ta a takardar zaɓe, kowa ya ce e ko a'a. Haka kuma za su iya rushe dokar da majalisa ta riga ta yi. Mu a Najeriya ƙuri'ar raba gardama sai a tarihi: ta 1961 da ta shigo da Arewacin Kamaru, da ta 1963 da ta haifi yankin Mid-West. Can kuwa abin yau da kullum ne.

To, a farkon shekarun 1970 wasu majalisun birane suka fara yin dokar hana korar mutum daga aiki ko hana shi hayar gida saboda yana neman jinsinsa. Ku lura, ba maganar aure ake ba tukuna, aiki ne da gida. Masu adawa suka ga in sun je majalisa ba su da rinjaye, sai suka nufi akwati. Nan Baban Khalifa yake da gaskiya, kuma gaskiya mai yawa. Boulder a jihar Kolorado, 1974, masu zaɓe suka rushe dokar, suka kuma yi wa ɗaya daga cikin kansilolin da suka goyi bayanta kiranye. Sai babbar, gundumar Dade, inda Miyami take, ranar 7 ga Yuni 1977. Wata mawaƙiya, Anita Bryant, wadda duk Amurka ta santa da tallar ruwan lemun Fulorida, ita ta ja ragamar kamfe mai suna Save Our Children, wato a ceci 'ya'yanmu. Kusan kashi 69 cikin ɗari suka ce a soke. Shekarar da ta biyo baya St. Paul ta soke tata a Afrilu, Wichita da Eugene suka bi a Mayu. Huɗu a jere cikin shekara guda.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Barista, ka ji ko? Biyar ma in an haɗa da Boulder.

Barista: Na ji, kuma ban musa ba. Bari Malam ya kai Nuwamba.

Malam: Kai ka kai ta, kai ka ɗauko.

Barista: To. Wani ɗan majalisar dattawan jihar Kalifoniya, John Briggs, daga gundumar Orange, ya je Miyami ya ga yadda Anita Bryant ta yi, ya dawo gida da zafinsa. Shi ba rushe doka ya nema ba, sabuwa ya kawo, wadda aka sa wa lamba 6 a takardar zaɓe. Abin da ta ƙunsa: a kori duk malamin makarantar gwamnati da aka samu yana wannan harka a bayyane, da kuma, ku riƙe wannan da kyau, duk malamin da ya goyi bayanta ko ya ƙarfafa ta, ko da shi ba ya yi. Da farko binciken jin ra'ayi ya nuna za ta wuce da rata mai faɗi. Ranar zaɓe ta faɗi, kashi 58 suka ce a'a, 42 suka ce e, tazarar ta haura ƙuri'a miliyan ɗaya. Har a gundumar Orange, gidan Briggs, wadda aka sani da ra'ayin riƙau, ba ta ci ba. A daren nan kuma Seattle ta yi watsi da ƙudiri mai lamba 13 da ke neman soke dokar birnin, wajen kashi 63 suka ƙi. Babu alƙali ko ɗaya a cikin wannan labari, Yaya.

Auta: Ni abin da na sani a nan shi ne Harvey Milk. Ba shi ne ya kayar da Briggs ɗin ba?

Barista: Yana cikin manyan da suka yi yaƙin. An zaɓe shi majalisar birnin San Francisco a Nuwamba 1977 bai ɓoye cewa shi ɗan luwaɗi ne ba, ya kuma bi Briggs gari gari suna muhawara, wani lokaci tare da wata malamar jami'a, Sally Gearhart. Dabararsa ita ce kowa ya fito ya faɗa wa iyayensa da abokan aikinsa, don mai zaɓe ya san wanda za a kora ba baƙo ba ne. Kwana ashirin bayan zaɓen, ranar 27 ga Nuwamba, wani tsohon ɗan majalisar, Dan White, ya harbe shi tare da magajin gari George Moscone a cikin ginin majalisar. Kuma ba Milk ne na farko da aka zaɓa yana bayyana cewa jinsinsa yake nema ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Kathy Kozachenko ta ci kujerar kansila a Ann Arbor tun 1974, Elaine Noble ta shiga majalisar jihar Massachusetts a zaɓen shekarar.

Baban Khalifa: Wannan duk San Francisco ce, kowa ya san halinta. Ni jiha nake tambaya. Me ya juya mutanen ƙauye da 'yan coci?

Malam: Yauwa, yanzu ka yi tambayar ɗalibi. Ronald Reagan.

Auta: Reagan dai? Na 'yan Republican?

Malam: Shi. Ya yi gwamnan Kalifoniya shekara takwas, yana shirin neman shugaban ƙasa a 1980, yana buƙatar ƙuri'ar 'yan coci fiye da kowa, amma ya fito ya ce a ƙi ƙudirin. Jimmy Carter da ke kan mulki ya ƙi shi, tsohon shugaban ƙasa Gerald Ford ya ƙi shi, gwamna Jerry Brown ya ƙi shi, sai dai na Reagan ne ya yi nauyi, domin mutanensa ne za su jefa e. Ku dubi hujjar da ya kawo. Bai ce abin yana da kyau ba. Ya ce akwai dokokin da suka riga suka kare yara daga malamin banza. Ya ce wannan ba cuta ba ce mai yaɗuwa kamar ƙyanda da yaro zai ɗauka a aji. Sannan ya kawo misalin da ya fi kama mutane: yaro ya faɗi jarrabawa, haushi ya kama shi, ya je ya ce malamin nan yana tallata luwaɗi. Shi ke nan an kira zaman bincike, an ɓata sunan bawan Allah. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san wannan tsoron. Ni na yi shekara talatin da ɗoriya ina ba da maki, na san idon ɗalibin da aka kayar.

Maman Ihsan: Salamu alaikum, yanzu na taso daga aikin dare na tarar da wannan duka. Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara da abin da na gani da idona, tunda a wajen Seattle nake zaune kuma ina jefa ƙuri'a a nan. Mu ba ma zuwa rumfa. Saura kamar mako biyu da rabi ambulan zai zo ta gidan waya, ga kuma wani ɗan littafi da hukumar zaɓe take aikowa, kowane ƙudiri da bayanin masu so da na masu ƙi. Zan baza su a teburin cin abinci, ga shayi, ga baƙin biro, Ihsan tana jan gefen takardar. Bayan shugaban ƙasa da gwamna akwai alƙalai, akwai harajin makaranta, akwai na 'yan kwana-kwana, akwai ƙudirin da zan karanta sau uku ban gane in na ce e soke dokar nake yi ko tabbatar da ita ba. Wallahi duk wanda ya ɗaure mini kai, a'a nake cikewa. Na tambayi abokan aikina, yawancinsu haka suke yi. Masu kamfe a nan sun san da haka: wanda yake neman a'a aikinsa ya saka maka kokwanto kawai, wanda yake neman e sai ya gamsar da kai. A 1978, a Kalifoniya da Seattle, a'a suke nema.

Akwai kuma wata tsohuwa maƙwabciyata, malamar firamare ce da ta yi ritaya, a Kalifoniya ta yi aikinta kafin ta dawo kusa da 'yarta. Ba ta fashin coci. Wata rana muna shan iska a baranda ta ba ni labarin shekarar. Ta ce lokacin ba ta yi aure ba, ita da wata malama suka haɗa kuɗi suka kama gida saboda albashi ba ya isa. Da ta karanta ƙudirin sai ta ga ai uba ɗaya da ya ji haushinta ya isa ya ce a bincike ta: mata biyu, gida ɗaya, ba miji. Ta ce a'a ta jefa, ta kuma bi iyayen yara tana roƙonsu, alhali ra'ayinta a kan ita harkar bai canza ba har yau.

Baban Khalifa: Hajiya, Allah ya saka da alheri, ai kin gama mini aiki. Gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta kowa ya shafa wa nasa ruwa. Ba su yarda da abin ba, tsoron sharri suka ji. Maganata tana nan.

Barista: A'a Yaya, ka sauya doki a tsakiyar rafi. Da safe cewa ka yi duk ranar da aka kai maganarsu akwati kaye suke sha. Yanzu ka koma cewa sun ci amma ba don ana son su ba. Wannan wata shari'a ce daban, sai ka sake shigar da ƙara.

Baban Khalifa: Na ce talaka bai taɓa yarda ba. Hana kora daban, yarda daban.

Malam: Ku biyun kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta akuyar. Bari in ba Baban Khalifa makamin da bai san yana da shi ba. A wannan takardar zaɓen ta 1978, ƙasa da lamba 6 akwai lamba 7, ita ma ta Briggs ce, ta faɗaɗa hukuncin kisa. Ta wuce da kusan kashi 71. Mutum ɗaya, biro ɗaya, minti ɗaya: ya ce a'a ga korar malamai, ya ce e ga hukuncin kisa. Saboda haka duk mai cewa Kalifoniya ta zama ta masu sassaucin ra'ayi a daren nan bai duba layi na gaba ba. A Seattle ma babbar ƙungiyar da ta yi kamfen ba ta tsaya kan a so su ba, ta tsaya kan sirrin mutum: kana so mai gidan haya ko shugabanka a wurin aiki ya riƙa leƙen ɗakin kwananka? Kuma 'yan sanda biyu ne suka kawo ƙudirin, ana tsakiyar kamfe ɗayansu ya harbe wani baƙar fata har lahira, abin da ya ƙara ɓata tafiyar a idon mutane da yawa.

Amma ga inda nake rabuwa da kai. Kana ɗaukar wannan kamar ba nasara ba ce. A siyasa wa ya taɓa tambayar dalilin ƙuri'a? Wanda ya zaɓe ka don yana ƙaunarka da wanda ya zaɓe ka don haushin abokin takararka, ƙuri'arsu ɗaya ake ƙirgawa. Malamai ba a kore su ba, dokar Seattle ta zauna, guguwar da ta taso daga Miyami ta tsaya a nan. Kuma sun koyi darasin da suka yi shekara talatin suna amfani da shi, wato in kana tsiraru kada ka roƙi masu rinjaye su so ka, nuna musu wutar za ta iya lasar rigarsu. A 1986 da aka kawo ƙudirin da zai iya kai ga killace masu cutar AIDS a Kalifoniya, da irin wannan hujjar da bakin likitoci aka kayar da shi, kashi 71 suka ƙi.

Ɗan Maraɗi: Ina biye da ku tun ɗazu. Tambayata, akwai inda suka nemi e ɗin kuma suka samu kafin maganar aure? In babu, ni ina bayan Baban Khalifa.

Barista: Akwai, kuma abin dariya, Boulder ce. Garin da ya rushe dokar a 1974, shi ne a 1987 masu zaɓe da kansu suka mayar da ita, da ƙaramar rata. Ba kansila ba, ba alƙali ba. Shekara 13 tsakani.

Kuma tunda an zo Kolorado, Yaya, ga tambayar da nake so ka amsa mini. A 1992 aka kai wa duk jihar gyaran tsarin mulki mai lamba 2, wanda ya haramta wa kowane birni yin irin wannan doka. Ya wuce da kashi 53. Wato nufinsa ya shafe dokokin Denver da Aspen da Boulder a dare ɗaya. A 1996 Kotun Ƙoli, a shari'ar Romer da Evans, shida da uku, ta soke gyaran. To a nan alƙalai sun danne ra'ayin jama'a ne, ko sun mayar wa jama'ar Boulder abin da suka zaɓa da hannunsu? Wace jama'ar ce jama'a?

Baban Khalifa: Jiha ta fi gari. Mai yawa shi ne jama'a.

Barista: To ƙasa ta fi jiha. In na bi ka a haka, ranar da yawancin Amurkawa suka koma goyon baya, sai ka ce jihohin da suka ƙi su yi shiru ke nan?

Baban Khalifa: A kai musu akwati su faɗa da bakinsu, ba a ce wai bincike ya nuna ba.

Barista: Babu wannan akwatin. Amurka ba ta da ƙuri'ar raba gardama ta ƙasa baki ɗaya. Ireland ce ta yi haka a Mayu 2015, kashi 62 suka amince, ita ce ƙasa ta farko da ta kawo auren ta wannan hanya.

Ɗan Maraɗi: Ni dai kalmar nan "jama'a sun ce" ina jin tsoronta. A Agusta 2009 Tandja ya kai mana tazarce akwati bayan kotun tsarin mulki ta ce ba ya halatta, ya rushe kotun, aka sanar da sama da kashi 92 sun amince. Watanni shida sojoji suka ɗauke shi. Ranar nan da yawanmu bayan alƙalai muke.

Baban Khalifa: Haba ɗan'uwa, kada ka haɗa zaɓen da 'yan adawa suka ƙaurace wa da na Kolorado. Can ba wanda ya ce an yi maguɗi.

Ɗan Maraɗi: Ban haɗa ba. Cewa na yi kowa yana son akwati ranar da akwati yake bayansa, yana son kotu ranar da kotu take bayansa. Har da mu.

Baban Khalifa: To ku bar ni in kawo nawa, tunda ni ma na yi ɗan karatu. Maganar aure dai, wadda ita ce asalin gardamar majalisarmu. Hawaii da Alaska 1998. Kalifoniyar taku a 2000. A Nuwamba 2004 jihohi 11 rana ɗaya, duka suka hana. Kalifoniya kuma a 2008, ranar da suka zaɓi Obama da gagarumin rinjaye, a ranar suka hana auren da kashi 52. A Iowa kotu ta halatta a 2009, shekara ta zagayo masu zaɓe suka tuɓe alƙalai uku daga cikin waɗanda suka yanke hukuncin. North Carolina a Mayu 2012. Sama da sau talatin ana tambaya ana ba da amsa ɗaya. Wannan ba ra'ayin jama'a ba ne?

Barista: Shi ne, a lokacin. Ban da abin cewa a kan lissafin nan, daidai yake. Zan ma ƙara maka: lokacin da aka yanke Obergefell, yawancin jihohin da ake ɗaura auren a cikinsu hukuncin kotu ne ya kai su, wasu majalisa, uku kacal ta akwati. In da cewa ka yi kotu ta riga masu zaɓe a yawancin jihohi, da ban buɗe baki ba.

Malam: Akwai guda ɗaya da ta karya jerin, kuma ita ma tana koya abin da 1978 ta koya. Arizona, 2006. Masu ƙudirin suka yi zari, suka rubuta shi yadda zai hana amincewa da duk wani zaman da ba aure ba, har na mace da namiji. Arizona kuwa cike take da tsofaffi 'yan fansho, waɗanda wasunsu suke zaune tare ba su ɗaura aure ba saboda kada su rasa wasu haƙƙoƙinsu na kuɗi. Masu adawa suka sa irin waɗannan a gaba a tallansu. Ƙudirin ya faɗi. Bayan shekara biyu aka dawo da shi an yanke wancan reshen, aure kaɗai ya ambata, ya wuce da kashi 56. Gemu da ruwa dai, kamar yadda ka ce.

Baban Khalifa: Malam ma ya dawo layina.

Malam: Ban dawo ba, ban gama ba ne. Wannan dabara ta kawar da kai daga ainihin maganar tana hana a cuce ka, amma ba ta kawo maka abin da kake nema. Shi ya sa suka yi ta faɗuwa a kan aure, domin a nan ba yadda za ka ce wa mai zaɓe wutar za ta taɓa shi. Sai da suka sauya salo. Maman Ihsan, ke kina can a 2012.

Maman Ihsan: Ina nan, Malam, ko da yake lokacin ban samu takardar zama 'yar ƙasa ba, kallo na yi. A jiharmu ta Washington tun 2009 aka fara: majalisa ta ba masu zaman tare kusan duk haƙƙin ma'aurata ban da sunan aure, masu adawa suka kai akwati, kashi 53 suka ce dokar ta zauna. Wannan e ce, kuma ta jiha guda. A 2012 aka tambayi auren kansa, ya wuce da kusan kashi 54. Abin da na lura da shi a tallan talabijin na shekarar, ba lauyoyi ake nunawa ba, iyaye ne da kakanni, wani da furfurarsa yana cewa shi ma da ba ya so, ga abin da ya sa ya sauya. Har ƙofata an ƙwanƙwasa, wata yarinya da allon rubutu a hannu. Na ce mata ni Musulma ce kuma ba ni da ƙuri'a. Ta yi godiya ta wuce gida na gaba.

Barista: A daren nan Maryland ma ta amince, Minnesota ta ƙi saka haramcin a tsarin mulkinta. Amma wadda ta fi ƙarfi a kan da'awarka, Yaya, ita ce Maine. A 2009 majalisa ta halatta, masu zaɓe suka rushe, 53 da 47. Magoya bayan ba su je kotu ba. Suka yi shekara uku suna bin gida gida suna hira da waɗanda suka ƙi su, suka tara sa hannu da kansu, suka mayar da tambayar akwati a 2012, ta wuce 53 da 47. Lissafin ya kife daidai wa daida, a jiha ɗaya, cikin shekara uku. Wane alƙali ne ya ɗora musu?

Baban Khalifa: Jiha uku cikin hamsin.

Barista: Uku ta fi "bai taɓa ba" da uku.

Auta: Yaya Baban Khalifa, ka miƙa wuya kawai a wuce wurin.

Baban Khalifa: Auta, manya na magana. Kuma in an gama murna a tuna da Houston. Nuwamba 2015, wata huɗu da 'yan kwanaki bayan hukuncin Kotun Ƙolin, birnin da magajiyar garinsa Annise Parker 'yar maɗigo ce da suka zaɓa har sau uku, suka rushe dokar hana wariya da kusan kashi 61. Irin abin da aka yi a Miyami a 1977.

Malam: Wannan kuma ka kawo mai kyau, ban yi zaton ka san ta ba. Miyamin ma ai ta juya: gundumar ta mayar da dokar a 1998, aka sake kai ta akwati a 2002, masu zaɓe suka bar ta.

Ustaz: Ni dai na saurara har ƙarshe kamar yadda na yi alkawari, kuma ina inda nake. Sai dai Baban Khalifa, in ka koma majalisa gyara maganar, kada a kama ka da ƙarya a kan abin da ba sai ka yi ƙarya ba.

Baban Khalifa: Zan ce musu a yawancin jihohi alƙali ya riga talaka, kuma nasarorin farko na hana kora ne, ba na yarda ba. "Bai taɓa ba" ɗin na janye ta, saboda Malam, ba saboda Barista ba.

Barista: Ka ƙara da Boulder 1987 da Maine 2012.

Baban Khalifa: In sun tambaya.

Ɗan Maraɗi: Ba ka dai amsa ta Kolorado ba. Mutanen Boulder ko mutanen jiha?

Baban Khalifa: An kira la'asar a nan. In na dawo.